Tsantsar Iskar Oksijin a Na'urar Taimakon Numfashi ta Gida

Gabatarwa

Tun bayan annobar korona ta shekarar 2020, wata na'ura da a da sai a asibiti ake ganin ta ta fara shiga gidajen jama'a. Akwati ce mai ƙananan tayoyi wadda tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba. Ana jona ta da wutar lantarki, a sa wa majinyaci siririyar roba a hanci, ita kuwa ta riƙa tura masa iska. Jama'a na kiran ta injin oksijin. A wannan babi za mu kira ta na'urar tace oksijin, domin ba ƙirƙirar iskar take yi ba, tace ta take yi daga iskar da ke cikin ɗaki. Iyali kan haɗa kuɗi su sayo ta daga Kano, ko wani ɗan'uwa ya aiko da ita daga ƙasar waje, saboda dattijon da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, ko uwar da likita ya sallama daga asibiti da sharaɗin ta ci gaba da shaƙar oksijin a gida.

Tambayar da babin zai amsa guda ce: iskar da ke fitowa daga bakin robar nan, kashi nawa ne oksijin a cikinta? Tambayar tana da muhimmanci domin na'urar na iya yin ƙara, fitilarta na haske, ruwan kwalbarta na ɓulɓula, alhali abin da take hurawa bai bambanta da iskar tsakar gida ba. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to amma a nan da gani da ji duk ba su wadatar. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, inda ƙura da zafi da ƙarancin wuta suka haɗu a wuri guda. Ɗalibin da zai zama malami a ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan yanki ya san cewa shi za a kawo wa takardar na'urar ya karanta, shi kuma za a tambaya ko tana aiki.

Iska da Ma'anar Tsantsa

Iskar da muke shaƙa gauraye ce. Kimanin kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kusan kashi 1 wata iska ce da ake kira agon, sauran ɗan abin da ya rage kuwa ya haɗa da iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. A cikin waɗannan duka oksijin kaɗai jiki ke ɗauka ya yi aiki da shi. Masana irin su Carl Scheele na ƙasar Suwidin da Joseph Priestley na Ingila ne suka ware wannan iska a farkon shekarun 1770, sannan Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa mata suna. Idan mutum ya shaƙi iska, oksijin yakan ratsa ta bangon ƙananan jakunkunan huhu ya shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Mai lafiya kashi 21 ɗin nan ya ishe shi. Wanda huhunsa ya cika da majina ko ya ƙeƙashe, ko zuciyarsa ta raunana, sai an ƙara masa a kan haka kafin jininsa ya sami rabonsa.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalma, domin Hausa na da kalmomi uku da ake iya rikitawa a nan. Akwai tsarki, wanda ya shafi ibada. Akwai tsabta, wato rashin dauɗa. Akwai kuma tsantsa ko zalla, wato abu shi kaɗai ba gauraye, kamar yadda ake cewa tsantsar zuma ko madara zalla. Ta ukun muke nufi. Iska tana iya kasancewa tsaf, babu ƙura babu wari, amma oksijin da ke cikinta bai wuce na iskar sarari ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayen riɗi a Maigatari ya san wannan lissafi. Mai saye ba cikar buhu kaɗai yake dubawa ba, yakan zura hannu ya ga yawan yashi da ƙaiƙayin da ke ciki, domin buhu biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen yawan riɗin da ke cikinsu. Bambancin kawai shi ne riɗi ana ganin sa a tafin hannu, oksijin kuwa ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Iskar ɗaki takan shiga na'urar ta wani soso da ke baya ko gefenta, wanda ke tare ƙura da gashi da zare. Daga nan sai ta ratsa wata matata ta ciki wadda ta fi laushi, ta isa ga kwamfiresa, wato famfon matsa iska irin wanda mai faci ke ba taya iska da shi, sai dai wannan ƙarami ne kuma ba ya amfani da mai. Famfon sai ya tura matsattsiyar iskar cikin ɗaya daga tukwane biyu dogaye da aka cika da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait.

A nan asirin yake. Ƙwayoyin ziyolait cike suke da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Idan an matsa iska a kansu, naitirojin yakan manne a jikin ramukan, oksijin kuwa ya wuce. Cikin daƙiƙu kaɗan tukunyar farko takan ƙoshi da naitirojin, sai wata 'yar ƙofa ta juya iskar zuwa tukunya ta biyu. Ita ta farkon sai a sassauta mata matsi, ta saki naitirojin ɗin da ta riƙe ya koma cikin ɗaki. Wannan shi ne hucin nan da ake ji na'urar na yi a kai a kai, kamar mai ajiyar zuciya. Haka tukwanen biyu za su yi ta karɓa-karɓa, ɗaya na aiki ɗaya na amayarwa, muddin akwai wuta. Wani injiniya ɗan Amurka, Charles Skarstrom, ya sami rajistar wannan dabara a shekarar 1960, kuma a shekarun 1970 aka fara ƙera na'urorin gida da ita.

Sunan ma'adinin kansa yana da labari mai amfani a gare mu. Axel Cronstedt, wani masanin duwatsu ɗan Suwidin, shi ya sa masa suna a shekarar 1756 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar dutse mai tafasa, saboda ya lura idan aka gasa shi yakan fitar da tururi. Wato dutse ne mai shan ruwa ya ɓoye. Ɗalibi ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan muka zo maganar damina.

Akwai iyakar da na'urar ba ta iya wucewa ko da sabuwa ce fil. Ziyolait yana kama naitirojin amma ba ya kama agon, saboda haka agon yakan bi oksijin su fito tare. Idan aka cire naitirojin gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne oksijin kashi 21 da agon kusan kashi 1, wanda idan aka sake raba shi bisa 100 zai ba da oksijin kusan 96, agon kuma 4 da ɗoriya. Ke nan duk ɗan kasuwar da ya ce na'urarsa ta gida tana ba da kashi 99 ko 100, ko dai bai san kayansa ba ko kuma yana da wata manufa. Agon ba ya cutarwa, kuma majinyaci ba ya asarar komai don an ba shi 93 maimakon 99.

Adadin da Aka Yarda da Shi

Kundin ƙa'idojin magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya san oksijin iri biyu. Akwai wanda ake samarwa a manyan masana'antu ta hanyar sanyaya iska har ta zama ruwa, tsantsarsa ba ta gaza kashi 99.5 ba. Akwai kuma wanda ake tacewa da ziyolait, ana kiran sa oksijin 93, kuma sharaɗinsa ya kasance tsakanin kashi 90 da 96. Dukansu magani ne. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a kan waɗannan na'urori a shekarar 2015, da waɗanda ta fitar tare da UNICEF a 2019, an ɗauki kashi 82 a matsayin iyakar ƙasa. Na'urar da ta sauko ƙasa da haka wajibi ne ta yi ƙarar gargaɗi, kuma ba a ƙara dogaro da ita sai an gyara.

Sai dai adadin tsantsa shi kaɗai rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne gudu, wato lita nawa na iska ke fitowa a minti guda. A gaban na'urar akwai wani siririn gilashi mai lambobi da 'yar ƙwallo a ciki, da mamurɗin da ake ɗaga ta ko a sauke ta. Wannan ƙwallo gudu kawai take nunawa, ba ruwanta da abin da ke cikin iskar. Na'urar kirki mai lita 5 ita ce wadda ke riƙe kashi 90 ko fiye tun daga lita 1 har zuwa lita 5. A lokacin korona kasuwannin duniya sun cika da wasu ƙananan na'urori masu araha, marasa nauyi, kyawawa a ido, an rubuta a kwalinsu lita 1 zuwa 7 da kuma kashi 90 ko 93. Idan aka buɗe takardar ciki aka karanta ƙananan rubutun, sai a tarar kashi 90 ɗin a lita 1 kaɗai ake samun sa, a lita 5 kuwa ya faɗo wajen kashi 30. Araha dai ba ta ado.

Bari mu yi lissafin tare, domin ɗalibi ya iya yi wa wani a kan allo ko a ƙasa. Abin da ke amfanar majinyaci shi ne ƙarin da ya samu a kan kashi 21 da yake samu kyauta daga Allah. Na'urar da ke ba da kashi 93 a lita 5 ta ƙara masa kashi 72 na lita 5, wato lita 3.6 na oksijin a kowane minti. Wadda ke ba da kashi 30 a lita 5 ta ƙara masa kashi 9 na lita 5, wato lita 0.45 kacal. Ƙwallon duka biyun tana kan lamba 5, ƙarar duka biyun ɗaya ce, amma ta farko ta ninka ta biyu sau takwas. Abin mamaki ma shi ne, ita ƙaramar na'urar da an bar ta a lita 1 inda take ba da kashi 90, da ƙarin da take bayarwa ya kai lita 0.69. Wato ɗan da ya ga numfashin mahaifinsa ya tsananta ya murɗa mamurɗi zuwa sama don ya taimaka, rage masa ya yi bai sani ba.

Wannan ba matsalar na'urori masu araha kaɗai ba ce. Wasu likitoci na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Ostireliya sun binciki asibitoci 12 a kudu maso yammacin Nijeriya, suka buga sakamakon a shekarar 2020. Sun gwada na'urorin tace oksijin 57, biyu kaɗai suka samu sun cancanci a yi aiki da su. Sun kuma gano cewa a cikin yaran da oksijin ya yi ƙaranci a jininsu, kimanin kashi 19 cikin 100 ne kawai aka ba shi, alhali fiye da kashi 38 na waɗanda aka ba ɗin ba su bukatarsa. Idan haka ta faru a asibitoci masu likitoci da ma'aikatan jinya, a yankin da ƙurarsa ba ta kama ƙafar tamu ba, mai karatu ya auna da kansa halin na'urar da ke ƙuryar ɗaki a Gagarawa, wadda ba wanda ya taɓa gwada ta tun ranar da aka sauke ta daga mota. Nijeriya ta fitar da manufar ƙasa a kan oksijin na asibiti a shekarar 2017, kuma a watan Mayu na 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kan wadata ƙasashe da shi. A nan Jigawa, shirin INSPIRING da ƙungiyar Save the Children ta gudanar da abokan aikinta a ƙaramar hukumar Kiyawa a farkon shekarun 2020 ya mayar da hankali ga ciwon nimoniya na yara, har da horar da ma'aikatan lafiya a kan auna oksijin. Duk waɗannan asibiti suka fuskanta. Na'urar da ke gida kuwa amanarta na hannun masu gidan.

Shekara Guda a Ƙasar Gumel

Mafi yawan waɗannan na'urori an ƙera su ne don ɗakuna masu sanyi, marasa ƙura, masu wutar da ba ta yankewa. Idan muka bi shekara daga farko zuwa ƙarshe a wannan yanki, za mu ga kowane lokaci da irin tasa ɓarnar.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura mai laushi kamar gari, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan komai. A Maigatari, da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, akwai ƙarin ƙurar da dubban shanu da raƙuma da tumaki da manyan motoci ke tayarwa a kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Na'urar kuwa tana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin abin da take fitarwa ta robar hanci, domin da ita take sanyaya famfonta. Soson bayanta kan toshe, famfon ya yi ta fama bai samun isasshiyar iska, matsi ya ragu a cikin tukwane, tsantsa ta sauka. Takardun na'urorin kan ce a wanke soson sau ɗaya a mako da ruwa da sabulu. A ganina, a hunturun ƙasar Gumel wannan bai isa ba, gara a duba shi kullum da safe, a kuma tanadi soso biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Kada a kuskura a mayar da shi da danshi. Matatar ciki kuwa ba a wanke ta, sauya ta ake yi.

Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, a ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. Ziyolait idan ya ɗumama ƙarfin riƙonsa ga naitirojin yakan ragu, famfon ma yakan yi zafi har ya kashe kansa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi na'ura ta iya aiki har zuwa digiri 40, amma da yawa daga cikin na kasuwa iyakarsu 35, kuma an rubuta hakan a takardarsu ga mai dubawa. A nan tsohon ginin ƙasa mai rufin azara ya fi na zamani dacewa da majinyaci da na'urarsa. A ko'ina aka ajiye ta, a bar tazarar kamu ɗaya da rabi ko fiye tsakaninta da bango da labule, kada kuma a lulluɓe ta da zane don gudun ƙura tana cikin aiki, kamar yadda ake yi wa talabijin.

Da damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sai mu koma ga dutse mai tafasa. Kowace mai girki ta san yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano a watan Agusta ba tare da an zuba masa ruwa ba. Haka ziyolait yake, har ya fi. Yana son ruwa fiye da yadda yake son naitirojin, kuma idan ruwa ya mamaye ramukansa ba ya saki da sauƙi. Ramin da ruwa ya zauna a ciki ya tashi daga aiki. Ɓarnar ƙura da ta zafi ana iya gyara su da wanke soso da sauya ɗaki, amma ta danshi sai an sauya tukwanen ɗungurungum. Na'urar da ke aiki na sa'o'i a jere takan kore mafi yawan danshin da ya shige ta tare da naitirojin. Wadda ake kunnawa minti biyar wuta ta ɗauke, ko wadda aka ajiye wata da watanni a ɗaki mai laima, ita ce ke lalacewa a ɓoye. Wannan ya sa na'urar da aka gada daga wani majinyaci, ko aka saya ta hannu, ba a ɗora ta a kan sabon majinyaci sai an gwada ta, kome kyan jikinta.

Matsalar wuta ba ta da lokaci, duk shekara ce. Na'ura mai lita 5 tana cin kimanin wat 350. Bincike biyu da aka buga, ɗaya a Amurka a 1980 ɗaya a Birtaniya a 1981, sun nuna cewa masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu da oksijin ya yi ƙaranci a jininsu suna samun ƙarin kwana idan suna shaƙar sa aƙalla sa'o'i 15 a kowace rana. Wat 350 sau sa'o'i 15 ya haura yunit 5 na mita a kullum. Wannan lissafi ya kamata iyali su yi shi tun kafin su sayi na'urar. Wutar da ta zo da rauni, wadda ƙwan fitila ke yin ja da ita, tana rage ƙarfin famfo kuma tana ƙona shi, don haka sitabilaiza wajibi ce. Idan janareta za a yi amfani da shi, a ajiye shi a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa kisa yake yi, kuma na'urar za ta zuƙe shi. Hasken rana, wanda Allah ya hore mana, mafita ce ta gaske ga mai hali. A ƙasar Yuganda an gwada na'urori masu aiki da sola a cibiyoyin lafiya 20 na karkara, sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna mutuwar yara masu ƙarancin oksijin a cikin kwana biyun farko ta ragu da kusan rabi.

Yadda Ake Ganewa

Hanya tabbatacciya ɗaya ce, ita ce ma'aunin tsantsar oksijin. 'Yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, ana jona ta a bakin da iska ke fitowa, ta nuna adadi a lambobi. A kunna na'urar a bar ta ta yi aƙalla minti biyar, a cire kwalbar ruwa, a auna a ƙaramin gudu, sannan a ɗaga ƙwallo zuwa iyakar litar da aka rubuta a sake aunawa. Awo na biyun shi ne mai fallasa, domin tukwanen da suka fara gajiya sukan nuna 92 a lita 1 amma su faɗi zuwa 70 a lita 5. Masu gyaran kayan asibiti sukan mallaki wannan ma'auni, kuma duk ɗan kasuwar da ke sayar da na'urar da gaske ya kamata a same shi da shi. Shawarata ga mai saye ita ce kada ya biya kuɗi sai an auna a gabansa a iyakar gudu, ya duba rajistar NAFDAC, ya kuma tambaya ko ana samun soso da matata da tukwanen wannan samfurin a Kano. Bayan haka a riƙa aunawa duk bayan 'yan watanni, musamman a ƙarshen hunturu da ƙarshen damina, a rubuta adadin da kwanan wata a wani littafi da ke rataye kusa da na'urar.

Na'urori masu inganci suna da nasu ma'aunin a ciki. A yawancinsu koriyar fitila na nufin lafiya lau, rawaya na nufin tsantsa ta sauka, ja kuma na nufin a kashe a nemi mai gyara. Ba kowace na'ura ke da wannan ba, kuma a wasu koriyar fitilar ba ta nufin komai illa akwai wuta. Takardar na'urar ce za ta bambance, kuma a nan ne karatun malami zai yi rana.

Akwai wani gwaji da ɗalibai suka koya a darasin kimiyya, inda ake kusanta tsinke mai garwashi ga oksijin sai ya kama da wuta. Kada a yi shi a ɗakin majinyaci. Ba ya iya bambance kashi 50 da 93, kuma yana iya cinna wa robar hanci wuta ta bi ta har fuskar mai ita.

Awo na biyu a jikin majinyaci ake yin sa, da ɗan ma'aunin nan da ake maƙalawa a yatsa. Shi ba iskar na'ura yake aunawa ba, yana nuna kashi nawa ne na jinin ya ɗauki oksijin. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙasa da 90 alama ce ta bukatar oksijin, musamman ga yara. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, wanda hayaƙin taba ko na itacen girki na shekaru ke haddasawa, likitoci kan so a tsayar da su tsakanin 88 da 92, domin wuce haka yana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsu har su fita hayyacinsu. Jariri bakwaini kuwa yawan oksijin yana iya makantar da shi. Saboda haka yawan litar da za a ba majinyaci likita ne ke yankewa, kamar kowane magani. Idan adadin yatsa ya fara sauka alhali ƙwallo na inda take, abu biyu ne: ko ciwo ya ƙaru, ko na'ura ta gaza. Kowanne daga ciki dalili ne na zuwa asibiti.

Shi ma ma'aunin yatsa yana da nasa rauni. Yatsa mai sanyi a asubahin hunturu, da jan farce, da lalle mai duhu, da motsi, duk suna rikita shi. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka da aka buga a Disambar 2020 ya nuna cewa yakan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku na yadda yake yi a jikin farar fata, wato ya nuna adadin da ya fi na gaskiya. Don haka idan ya nuna 93 amma majinyaci na haki, yana kasa ƙarasa magana, leɓɓansa da harshensa sun yi duhu, a gaskata majinyaci.

Wuta da Abin Dogaro

Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana sa duk abin da ya kama wuta ya ci da ƙarfi da sauri, kuma yakan shige cikin bargo da tufafi da gemu. Al'adunmu na hunturu suna da haɗari a nan: kaskon garwashi na ɗumama ɗaki, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, fitilar kananzir, da taba. Duk waɗannan a fitar da su daga ɗakin, ko aƙalla a nisanta su mita biyu daga na'urar da majinyaci. Man basilin da ake shafawa a hanci don faso, da man kaɗanya da sauran mayuka masu maiƙo, a bar su muddin roba na hanci. Kwalbar ruwa, idan ana amfani da ita, a zuba mata tafasasshen ruwan da ya huce, a sauya kullum, kada kuma a cika ta fiye da layin da aka zana.

Gidan da ke da majinyacin da ba ya iya sa'a guda ba oksijin yana bukatar tukunyar oksijin ta asibiti a ajiye, a tsaye, a ɗaure da bango, don daren da wuta da janareta za su ƙi tare. Tukunyar masu walda ba ta maye gurbinta, domin ba a cika ta bisa ƙa'idar magani ba. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ya kasa kama nono ko ya fara suma, ba a tsaya aron na'urar maƙwabta dominsa. A nemi abin hawa a kai shi Babban Asibitin Gumel ko cibiyar lafiya mafi kusa, domin bayan oksijin yana bukatar allurar da za ta kashe ƙwayar cutar da ke cin huhunsa.